Tuwon da Kakana Yake Zuwa Ci

Ku matso kusa in faɗa maku, don maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Ɗazu maƙwabciyata ta kaɗa miyar kuka, ƙamshin daddawa ya tsallako katanga ya iske ni ina tsintar shinkafa. Sai kawai na ga kakana zaune bisa tabarma a tsakar gidanmu na da, yana wanke hannu.

Kakan nan nawa, mahaifin babanmu, shi ne faston 'yar majami'armu a bayan gari nan Katsina, ginin ƙasa da rufin kwano. Daga ƙauye ya zo, cikin dangi masu dafa burkutu, amma ko ƙwaryar ba ya taɓawa. In an yi bikin godiyar girbi, sai kowa ya ƙoshi kafin ya sa hannu a akushi. Gidan da maigida ba ya nan, iyakarsa zaure, sai in kakarmu mace tana biye da shi. In ransa ya ɓaci kuwa, sai ya ciro asawaki daga aljihu ya yi ta tauna har sai ya huce. Mu yara da mun ga asawaki da rana tsaka mun san wani ya taɓo shi.

Yana da wata al'ada. In za a naɗa mutum dattijon ikilisiya, bai damu da iya wa'azinsa ba. Wata la'asar zai zaɓa, ba aike ba sanarwa, shi da kakarmu su isa gidan kafin mutumin ya taso daga aiki, ya ce tuwo ya zo ci. Ya zauna ya jira. Abu ɗaya yake kallo: in maigida ya yi sallama, ina yara suke nufa? A hanyar komawa kuma ya tsaya wurin maƙwabta, Musulmi ne ko Kirista, a gaisa doguwar gaisuwa, ya ji ta bakinsu.

Wata damina sunan babanmu ya fito cikin waɗanda za a naɗa. Kafinta ne kusa da Babbar Kasuwa, muryarsa a waƙa ba ta da na biyu, jama'a na son shi. A gida kuwa wuta ne, tsumagiyarsa kullum tana soke a jikin rufi. Ran nan an yi ruwa da azahar, ƙasa na ta ƙamshi, Innarmu na tuƙa tuwon dawa, sai ga su Kaka.

"Matata," ya ce mani, "yau ke za ki ba ni tuwo. Tsohuwar nan ta daina sa mani man shanu."

Na ce ni ba ni auren mai furfura. Muna cikin dariya sai ƙararrawar keken babanmu ta kaɗa a ƙofar gida.

Ban san lokacin da na kai bayan randa ba. Ƙanena ya shige ƙarƙashin gado. Innarmu ta saki muciya ta hau kwashe takalmanmu daga hanya. Gida ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo.

Kaka ya ci tuwonsa, ya sha ruwa, ya ciro asawaki. Ya daɗe yana tauna kafin ya dubi babanmu.

"Ba bana ba."

"Baba, me na yi?"

"Ina matata ta shiga?" Babanmu ya waiga, ya hango ƙafata a bayan randa. Kaka ya ce, "Tumakin gidanka gudunka suke. In ba ka na Ubangiji ka kora mani su daji?"

Babanmu ya yi fushi, har aka girbe dawa bai taka gidan mahaifinsa ba. Manya suka je roƙon Kaka, suka ce ai ɗanka ne. Kaka ya ce shi ya sa. A hankali tsumagiya ta bar jikin rufi, ban ma san ranar ba. Na fara zama budurwa lokacin da na ga autarmu ta sheƙa da gudu ta riƙe mashi keke. A shekarar Kaka ya ɗora wa babanmu hannu ya naɗa shi dattijo, hawaye na bin gemunsa.

To, ga abin da ya sa na kira ku. Lahadi mai zuwa za a naɗa ɗana na fari dattijo. Majami'ar yanzu ta bulo ce, da tayal da lasifika, fankokin da ke juyawa a ciki ma shi ya saka su. Aikin ofis yake a GRA, kuma tun rasuwar mijina a gidansa nake zaune, don haka ba labari aka ba ni ba. Da ya danna hon a ƙofa, jikokina suke kashe talabijin. Ƙaramar bayan firij take maƙalewa, ƙafarta a waje kamar tawa. Matarsa ta taɓa zuwa majami'a da baƙin tabarau ranar da hadari ya rufe gari, tana ɓoye kumburin ido. Hajiyar da muke katanga ɗaya ta tare ni a ƙofa ta ce, "Maman yara, kukan da nake ji lafiya dai?" Ita kaɗai ta taɓa tambaya.

Na yi ta jira a zo cin tuwo. Kullum da la'asar sai in ƙara gari a tukunya, ba wanda ya zo. Fastonmu, sa'an ɗana ne, ya zo sau ɗaya bayan ya bugo waya. An yanka kaza, an yi wa yara wanka an jera su a falo. Na bi shi har mota na ce ya dawo wata rana ba sanarwa. Ya yi murmushi ya ce, "Mama, yanzu kowa da sirrin gidansa. Ki dai sa mu a addu'a."

Na zaunar da ɗana na ba shi labarin randa. Yana latsa waya ya ce, "Mama, wancan zamanin ya wuce. Kada ki kunyata ni."

Ranar Lahadi, kafin a ɗora hannu, za a tambaya ko akwai mai magana a kansa. Har yanzu ana yin tambayar, sai dai ba a jiran amsa. In na tashi, na tozarta ɗan da na goya a bayana, kuma ban san abin da matarsa za ta tarar ba in an koma gida an rufe ƙofa. In na zauna, da hannuna na miƙa mashi garken Ubangiji. Kaka fasto ne, in ya ce ba bana ba, magana ta ƙare. Ni tsohuwa ce da ko sunana da ƙyar nake rubutawa. Na aika an sayo mani asawaki, ina ta tauna da sauran haƙoran da suka rage, amma zuciyar ta ƙi hucewa.

Ku da kuka saurare ni, in an yi tambayar nan majami'a ta yi tsit, jikata na riƙe da gefen zanena, in tashi ko in zauna?