Daɓen Ashiru Magini

Shekara talatin da ɗaya Ashiru na Madadi ya yi yana zayyana bango: gidaje tamanin da huɗu, masallatai tara. Karatunsa bai wuce izu biyu ba, amma layinsa bai taɓa karkacewa ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, aiki ya yi wuya, siminti ya fi aikin wuya. Sai Hajiya Uwaliya, tsohuwar malamar makaranta a Kabo, ta kira shi. Ɗaki take ginawa inda za ta baje tsofaffin allunan zayyana da rigunan aska, jama'a su riƙa zuwa kallo. Ta miƙa masa takardun zane biyu, na rufi da na daɓe, ta wuce Gwarzo neman fenti.

Takardun ba alama. Ashiru ya zaɓi mai kusurwoyi, ya kwaɓa buhun siminti shidan da suka rage, ya zana gida goma sha shida a ƙasa.

Bayan azahar Malam Zainulabidin na Islamiyyar unguwar ya leƙo. Ya tsaya cak.

"Ashiru! Sunan Allah ka shimfiɗa a ƙasa? Wannan ai rubutu ne!"

Cokalin gini ya suɓuce masa. Ashe takardar rufin ya ɗauka. Kafin ya miƙe, mutum ashirin da uku sun toshe ƙofa. Wani ya ce a kira 'yan Hisba.

"Ka taka?" in ji Malam.

"Wallahi a kan katako na durƙusa, Malam."

"A fasa shi!" wani ya ce daga baya.

Malam ya juya. "Da guduma za ka bugi sunan, kai sarkin gaggawa?"

Ba a takawa, ba a fasawa, ga mutane sai ƙaruwa suke. Ashiru ya danna babban yatsa a gefen daɓen. Ya lotsa, simintin bai bushe ba.

"Allah gafarta Malam, in allo ne, yaya ake yi?"

Malam ya dubi inda ya lotsa. "Wankewa ake."

Bokiti goma sha ɗaya suka ci. Ashiru na shafewa da tafin hannu, Malam na tare ruwan a kwano, ana kaiwa gindin darbejiya inda ƙafa ba ta zuwa. Da gida na sha shida ya goge, mai kiran Hisba da kansa ya ɗauki kwanon ƙarshe.

Fatar tafin Ashiru ta saɓule, sati uku bai riƙe cokali ba. Hajiya ta jira shi, ba ta ba wani aikin ba.