Mitsue Mai Furen Makoki a Gasar Sendai

Shekara talatin da huɗu Mitsue Kanazaki ta yi tana jera furen makoki a garinmu Shinjo, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta ɓata masa aiki ba. Tana amarya ta shiga sana'ar a shagon surukinta. Mijin ya rasu, surukin ya bi shi, shagon ya dawo hannunta. Idan aka yi rasuwa, kafin dangi su gama buga waya ta iso da mota cike da farin kiku, furen da muke kai wa mamaci. Tambaya ɗaya take yi, me mamacin ya fi so a duniya, sannan ta jera furen a gaban hotonsa ya fito kamar dutsen da yake hawa ko kogin da yake kamun kifi. Kowane kan fure daidai da na kusa da shi, babu wanda ya ɗara wani ko da faɗin farce.

Ni Fusae, shagona yana kallon nata, furen biki nake yi. Tare muke zuwa kasuwar gwanjon fure, muna faɗa tun daga gida har mu dawo. Takan ce aikina ya yi kama da gashin wanda ya tashi daga barci, ni kuma in ce mata ai masu sayen nata ba sa dawowa su yi ƙorafi.

Abin ya taso ne da auren Chinami, 'yarta ɗaya tilo. Mitsue ba ta taɓa nuna tana son wani abu a duniya ba sai wannan: ta yi furen bikin 'yarta da hannunta. Uwar ango, Oguri-san, ta zo shago da kwalin alawa, ta rusuna har sau uku, ta ce, "Kanazaki-san, hannunki ya sha aiki. Ranar dai ki zauna ki huta." Duk mun gane. Hannun da ya saba da gawa ba a son sa a teburin amarya. Chinami ta yi kuka, ta matsa wa angon, daga ƙarshe Oguri-san ta ce, "To, bari mu gani."

A kan wannan "mu gani" Mitsue ta sa sunanta a gasar ƙungiyar masu fure ta yankinmu, wadda ake yi a Sendai duk kaka, a sashen furen teburin biki. Ta kuma aika wa Oguri-san tikitin shiga. Da na ji, sai da na ajiye almakashi.

"Ke, kin haukace? Mata masu shekara ashirin a wannan aiki suna zuwa can su dawo da kuka."

"Shi ya sa za ki koya min, Fusa-chan. Ko bakin ne kawai gare ki?"

Wata biyu muna abu ɗaya. Furen makoki gaba kawai gare shi, domin babu mai zagayawa bayan hoton mamaci. Furen tebur kuwa baƙi ne za su kewaye shi, dole ya yi kyau ta kowane gefe. Nakan tsaya a kanta ina cewa, "Zagaya! Zagaya mana! Ki bar su su sha iska, ba faretin soja kike shiryawa ba." Ta koya, ba laifi. A satin ƙarshe ta yi wani da na so in ce nawa ne.

Ranar gasar mutum goma sha shida aka jera a zaure, kowa da teburinsa, da bokitin ruwa, da rufaffen kwali. Ba ka sanin furen da ke ciki sai an kaɗa ƙararrawa. Awa ɗaya ake bayarwa. Dokar kuma ba wasa: ɗan kallo ya yi magana ko ya yi alama da hannu, an kori ɗan takararsa nan take. Na zauna a layin gaba, Chinami a damana, Oguri-san a haguna da jaka a kan cinya.

Aka kaɗa. Mitsue ta buɗe kwali, sai ga fure fari fat, wardi da su lili da ƙananan kiku, ganye ɗan kaɗan. Kalar furen makoki ke nan sak. Na ga ta ɗaga kai ta dubi Oguri-san sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara duban kowa ba.

Hannunta ya kama gudu. Babu mai saurinta a zauren nan, tana yanka kara tana sokawa a soson riƙe fure da ke cikin kwano ba tare da ta auna ba. Mutane suka fara miƙa wuya suna kallonta. Ni kuwa ƙafafunta nake kallo. Minti goma, minti ashirin, ba su gusa daga inda suke ba. Kawunan furen suka fara hawa layi ɗaya, suka lanƙwasa kamar igiyar ruwa, dukansu suna fuskantar mu. Ya yi kyau ƙwarai, kyan da na sani, wanda na sha gani a gaban hotunan matattu.

Chinami ta raɗa min, "Inna Fusae, ai yana kyau ko?"

"Yi shiru," na ce, haƙorana a cije.

Tari na so in yi, ko in yar da jakata, ko wani abu. Amma wata mai sa ido tana tsaye kusa da mu da takarda a hannu. Na danne hannuwana ƙarƙashin cinya.

Saura minti goma sha biyu babban alƙali, wani tsoho mai farin gashi, ya iso teburinta. Ya duba gaba ya gyaɗa kai. Ya taka a hankali ya zagaya baya, sai ya tsaya cak. A nan Mitsue ta farga. Ta bi shi ta leƙa, ta ga abin da ya gani: koren soso tsirara da gindin karare, ko ganye ɗaya babu. Fure kuma ya ƙare a bokiti.

Ta fara zare fure daga gaba tana maida shi baya. Duk wanda ta zare sai layin ya ɓalle, soson kuma ya riga ya sha huda, ba ya riƙe kara. Wani lili ya sunkuya, ta ɗaga shi, ya sake sunkuyawa. Aka kaɗa ƙararrawa tana riƙe da wardi biyu. Ta ajiye su, ta ja da baya, ta rusuna.

Ta zo ta goma sha huɗu. Da alƙalin yake bayani teburi-teburi, ya tsaya a nata ya ce, "Wannan hannu, minti arba'in na farko, babu irinsa a nan. Aikin makoki kike yi, ko ba haka ba?" Da yabo ya faɗa, amma a lasifika ya faɗa.

A bakin ƙofa Oguri-san ta yi wa Mitsue sannu da ƙoƙari, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Sannan ta juyo gare ni. "Fusae-san, an ce ke ce gwanar furen biki a Shinjo. Ko za ki taimake mu?"

Na buɗe baki zan gaya mata abin da ba za ta manta ba, sai Mitsue ta damƙe min hannu.

"Za ta yi," in ji ta.

A jirgin ƙasa muna komawa na ce mata ba zan yi ba, ko sama da ƙasa za su haɗe.

"In kin ƙi, baƙo za su ɗauko," ta ce. "Ki karɓa. Ni zan zaɓo furen a kasuwa, in yanke karare, in ba su ruwa a bayan shagonki. Ke ki jera. Ba sai kowa ya sani ba."

Haka aka yi. Fure dubu da ɗari biyu, babu ɗayan da bai bi ta hannunta ba kafin ya zo nawa. Ranar biki ta zauna a teburin iyaye cikin baƙin kimono, rigar da uwar amarya ke sawa a al'adarmu, hannuwanta a kan cinya. Oguri-san ta zo har inda nake, ta ce ba ta taɓa ganin fure mai rai irin wannan ba, lallai hannuna yana da albarka. Mitsue tana jin mu. Na rusuna na ce na gode, kuma har yau ina jin kunyar wannan godiya.