Garwar da Na Riƙa Jefa wa Innata Wasiƙa

Na ga abubuwa a duniya. Na yi dako a kasuwar Kurmi, na kwana da yunwa, na binne 'ya'ya biyu. Yawanci sun dushe a raina. Amma maganar garwar nan, sai ranar da aka sa ni a ƙasa zan manta da ita.

Ina da shekara takwas mai unguwa ya sa sunana cikin yaran da za a kai elementare. A Dukawuya muke, daga ni sai kakata. Ubana ya rasu tun ina goye. Innata kuwa ta bi yayanta Makka a ƙafa, shekara biyu ba labari. Haka ake tafiyar a lokacin. Mutum ya tsaya a hanya ya yi ƙwadago, in ya sami guzuri ya ƙara gaba. Wani sai ya shekara bakwai, wani ba ya dawowa.

Malaminmu saurayi ne siriri, mai dabara. Allunan ajin ba su ishe mu ba, sai ya sa aka zuba yashi a faifai muna zane da yatsa. Yakan fere kara ya haɗa baƙaƙe da shi, ya ce mu shafa mu ji. Ni dai ban kama komai ba, don ban ga abin da zai tsinana mini ba.

Rannan ya shigo da garwar kananzir, ya shafe ta da jan fenti, ya tsaga mata baki a sama.

Ya ce, "Ga gidan wayarmu. Kowa ya rubuta wa wanda yake so. Alhamis a jefa, Asabar a karɓi amsa."

Har kan sarki ya yi mana. Ya sassaƙa rogo, mu tsoma a tawada mu buga. Yara suka kama rubuta wa juna. Ni kuwa na ɗaga hannu.

"Malam, tana kaiwa Makka?"

Aji ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ɗan kaka, a jakinku za a ɗora ta?"

Malam bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Rubuta ka gani."

Kwana shida na yi a kan kalma uku: Inna ina kike. Na jefa. Ranar Asabar aka kira sunana. Malam ya karanta mini: tana lafiya, tana gaishe ni, amma wasiƙar ta yi gajarta, in ƙara.

Na ƙara. Na rubuta da gawayi a jikin zaure har kakata ta zane ni. Na rubuta a ƙasa bakin rijiya. Na gaya wa Inna akuyarmu ta haihu, na gaya mata haƙorina ya fita. Duk Asabar amsa na zuwa, har na fara karantawa da kaina. Cikin wata biyar babu wanda ya kai ni a ajin. Yaro ne ni, ban taɓa tambayar yadda takarda ke zuwa Makka ta dawo a kwana biyu ba. Ko kuma ban so in tambaya ba.

Da damina kawuna ya dawo, shi kaɗai, ya rame kamar kara. Na taso daga makaranta na tarar zaure cike da mutane, mata na kuka a ciki. Kawu ya ce zazzaɓi ne ya kama Inna a ƙasar Sudan, tun shekarar farko. Shi ya binne ta.

Na ce, "Ba haka ba ne, Kawu. Asabar ɗin nan ta rubuto mini."

Na shiga na kwaso takardun daga ƙarƙashin tabarma, na zube a gabansu. Wani maƙwabcinmu, akawu, ya ɗauki ɗaya ya karanta a fili: "Ɗana, ka riƙa miƙe layinka."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Yaro, innarka ko alif ba ta sani ba."



Washegari na riga kowa zuwa makaranta. Malam na share allo. Na ce, "Kai ne?"

Ya ajiye tsumman. "Ni ne. Na yi niyyar sau ɗaya. Da na ga hannunka ya kama, sai na kasa bari. Wallahi ban san ta rasu ba."

Na ɗauki garwar, na fita da ita, na taka ta har ta lotse. Ban sake shiga aji ba. Sau uku ya zo gidanmu yana sallama, kakata na roƙona, na ƙi fita. Mai unguwa ya sa aka yi mini bulala, na gudu Jakara wajen masu dako. Can na girma. Karatun da na yi ya zube kaf. Yau in aka ba ni takarda, da babban yatsa nake dangwalawa.

Na daɗe ina tsine masa. Yanzu na bari. Ba mugu ba ne, so ya yi in iya. Ni ma da na yi fushi, kaina na yi wa horo, ba shi ba. Abin da na koya ɗaya ne: in za ka jawo yaro zuwa ga alheri, kada ka ɗaura igiyar a jikin ƙarya. Ranar da ta tsinke, da alherin za su faɗi tare.