Yaya Idi da Lambun Aro

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Idi, Allah ya jiƙan shi. Na so bana in rubuta masa magana mai sanyi, amma raina a ɓace yake, kuma ko yana da rai ba ya son a yi masa kwalliyar zance.

Aikinsa tsara ayyukan raya karkara ne a wata ƙungiya a nan Maraɗi, kuma shi ya jawo ni cikin sana'ar. Shi ya koya mini takardar da muke kira kadar lojik, mai gida-gida. A gidan farko ka faɗi abin da kake son cimma, na biyu yadda za a auna shi, na uku inda za a ga shaida. A na huɗu, can ƙarshe, ake rubuta abin da ba ya hannunka, wanda in ya saɓa aikin duka ya rushe. Kowa ukun farko yake ƙawatawa. Yaya kuwa a na huɗu yake tarewa, har abokan aiki suna yi masa tsiya wai mai neman baƙin labari ya iso.

Abin da ya faru a garin Tsibiri ne ya mayar da shi haka. An shirya wa wasu mata lambu a gonar da wani dattijo ya ba su aro. Kun san yadda muke: in babba ya ce "ku noma, na ba ku", shi ke nan, ba a cewa ya sa hannu a takarda, don kamar ka ƙaryata shi ne a gaban jama'a. Yaya ya rubuta a gidan ƙarshe cewa aikin zai ɗore ne kawai in magada sun yarda da aron. A biro, wato ofishinmu, aka ce wannan rashin kunya ce, mutum yana da ransa ana lissafa masa mutuwa, aka goge. Aka gina rijiya, aka ja shingen waya, mata suka yi shekara uku suna ɗiban taki a ka har ƙasar ta yi baƙi. Dattijo ya rasu, aka raba gado, lambu ya faɗa rabon wani ɗansa, ya sa kwaɗo a ƙofa. Abin haushin, rahoton aikin ya fito tas: rijiya akwai, shinge akwai, komai ya cika.

Daga ranar Yaya bai ƙara jin nauyin kowa a kan wannan magana ba. Na sha bin sa a bayan babur zuwa gidajen masu gona. Ya durƙusa ya gaida tsoho yadda ya kamata, sannan ya ce, "Baba, kai ba mu da shakka a kanka. A kira mana ɗiyanka su ji da kunnensu." An kore shi a wasu gidajen. Ya koma washegari.

To yau fa, me zai ce? Ana tara mu a otal kwana uku, ana kwafo tsohuwar takarda daga ordinata, wato kwamfuta, ana sauya sunan gari. Gidan ƙarshe kuwa an haddace shi: in an samu damina mai albarka, in ƙasa ta zauna lafiya. Wa zai yi musu da wannan? Kuma me ya amfana wa kowa?

Watan jiya abin ya zo kaina. Muna tsara wa mata lambun zogala a Jiratawa, a gefen gulbi, filin kuma na aro ne daga wani tsoho mai 'ya'ya da yawa. Na rubuta maganar magada. Shugabanmu ya kira ni ya ce, "Malama Rabi, in masu ɗaukar nauyin aikin suka ga wanga layi, sai su ce a dakata. Ke za ki je ki gaya wa matan an fasa?" Na ce a ba ni sati guda in zauna da iyalan tsohon. Ya ce jibi za a aika takarda. Na yi ta gardama. Daga ƙarshe ni da hannuna na goge layin.

Mutane suna cewa ni ce na gaje shi. Idonsa na gada, ina hango ramin tun daga nesa. Taurin kansa kuwa ya tafi da abinsa kabari, kuma da shi ne ya riƙa tsare wa mata guminsu. Wallahi ina jin kunyarsa.

Shekaranjiya na je Jiratawa. Inna Hajo, shugabar matan, ta riga ta sa an fara share fili, dantsenta duk ƙaya ta yage. Ta riƙo hannuna ta ce, "Ɗiyata, ke kika yi boko, ke kika ga takardun. In muka shuka, mu za mu tsinka ko?"

Na ce mata in sha Allah. Ta saki hannuna ta koma kan aikinta, ta yarda da ni.