Lamba Biyar a Shagon Ban-Yarda

Duk layin nan babu mai kiran mai shagon kwafi da sunansa. Ban-Yarda ake ce masa, har shi ma ya gaji ya fara amsawa. Mutum ne da in ka ce masa ana ruwa a waje sai ya miƙa hannu ta taga ya taɓa. Kwaɗo biyu ne a ƙofar shagonsa, kuma in ya kulle ya tafi sai ya dawo ya jijjiga su. Ko matarsa ce ta ce ta kashe gas, sai ya shiga kicin ya shinshina.

Wannan halin ne ya raba shi da babban ɗansa. Ɗan ne ya haɗa masa wayfai a shagon, ya kafa akwatin wayfai ɗin a saman kanta, ya zauna ya ba kowace na'ura adireshinta da hannu don kada lambobin su riƙa canzawa. Akwatin kansa ya ba shi lamba ɗaya, kwamfuta lamba biyu, wayar uban uku, injin kwafi huɗu, tasa wayar biyar. Daga baya wata makaranta da ke kawo musu aikin buga jarrabawa ta koma wani shago. Ban-Yarda ya rantse ɗan ne ya karkatar da su a ɓoye, kuma a gaban kwastomomi ya faɗa masa. Ɗan ya ajiye makulli a kan tebur ya fita, bai sake takowa ba. Ashe surukin mai makarantar ne ya buɗe nasa shagon. Ban-Yarda ya ji labarin. Abin na cinsa a rai ba kaɗan ba, amma girman kai ya hana shi ɗaga waya.

Bara ya sayi sabuwar firinta mai aiki da wayfai. Wanda ya kawo ta ya tambaye shi wace lamba ce babu kowa a kanta.

"Sa mata biyar," in ji shi. "Mai ita ya tafi."

To fa, tun daga nan firintar ta tsiro da wani hali. Da safe lafiya lau take aiki, amma da yamma, daidai lokacin da ma'aikata ke tashi, sai ta tsaya cak da takarda a baki. Can an jima ta ci gaba kamar ba ita ba.

Ga Ban-Yarda babu wani abu wai shi haka kawai, dole akwai hannun wani. Ya fara da mai askin da suke bango ɗaya, wanda kullum shagonsa cike yake da samari masu danne-dannen waya. Ya daina gaishe shi, har kwali ya liƙa a bangon wai don ya tare sabis. Ya koma kan wanda ya sayar masa da firintar, ya ce tsohuwa ce aka goge. Ya je gida ya tsare matarsa, wa ta ba kalmar sirri?

"Ni da ban ma san ta ba?" ta ce. "Kai dai wata rana inuwarka za ka kai ƙara."

Da abin ya ishe shi ya kira mai gyaran kwamfuta, ya tsaya masa a kai yana bin yatsunsa da ido, kada a cire masa wani abu a sa tsoho. Mai gyara ya shiga saitin akwatin ya jira yamma. Firinta na tsayawa ya nuna allo.

"Baba, ba sata ake maka ba. Na'ura biyu ne ke rigima a kan adireshi ɗaya. Akwai wata waya da aka kafa wa lamba biyar da hannu, kuma ta san kalmar sirrinku. Duk sanda ta matso kusa sai ta shiga, ita da firinta su yi karo."

"Kusa kamar ina?"

"Sabis ɗinka ba ya wuce bakin titi. Mai wayar yana nan waje yanzu haka. Kuma ba wucewa yake ba, tsayawa yake."

Ban-Yarda ya nemi kujera ya zauna. Kunya ta rufe shi. Watanni ke nan yana zagin mai aski, ashe ɗansa ne ke biyowa ta nan in ya tashi aiki, ya laɓe a wani wuri ya kalli shagon, sannan ya wuce. Kafin ya iya miƙewa firinta ta yi ƙara ta ci gaba da bugawa.

"Gyaran ba wuya," in ji mai gyara. "Ko in toshe wayar, ko in mayar da firinta lamba shida, kowa ya huta."

"In ka mayar da ita shida, ta daina tsayawa ke nan?"

"Gaba ɗaya."

"To ta yaya zan san ya zo? Cire hannunka, bar ta yadda take."

Washegari da safe ya ɓamɓare kwalin daga bango, ya leƙa ya gaishe da mai aski, wanda ya bi shi da kallo da almakashi a hannu. Da yamma wata mata na jiran takardunta firinta ta tsaya cak.

"Malam, injinka ya lalace," ta ce.

"Lafiyarsa ƙalau."

Ya fita da sauri, takalmi ƙafa ɗaya. Shagon a buɗe ya bar shi, kwaɗunan nan biyu na kan tebur.