Ƙoƙon Gwiwata Ya Tona Ni a Kano

Guri zuwa Haɗeja

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da asuba, na bar Guri. Shekara biyu ke nan ina sallah a zaune kan kujera, domin ƙafata ta dama ta lanƙwashe kamar baka. Na ji labarin a Kano ana yanka ƙashi a miƙar da ƙafa, ni kuwa burina goshina ya sake taɓa ƙasa. Tun a gida na ƙudura cewa ciwon gefen gwiwa kaɗai zan faɗa wa likita, na ƙoƙon kuwa zan ɓoye, kada a hana ni aikin.

Ruwan fadama ya ci gefen hanya, ciyawar kachalla ta rufe ko'ina, sai bakwai da kwata muka shiga Haɗeja. Na karya da ƙosai da koko a tasha.

Haɗeja zuwa Kano

Direba ya ga sandata ya ce, "Baba, ku biya kujerar gaba ku kaɗai, ku miƙe ƙafa."

Na ce, "Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

Na cusa kaina a baya, mu huɗu. A shingen bincike na wajen Kaugama aka ce kowa ya sauko. Sai da direban nan da na gwasale ya zaro ni kamar buhun shinkafa. Har ya miƙo min sandata cikin ladabi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Asibiti

Na kwana a gidan ƙanena. Washegari ƙarfe goma likita ya duba hoton ƙashin da aka ɗauka, ya tambaye ni ko gaban gwiwar na ciwo.

"Ko kaɗan," in ji ni.

"To Malam, ɗan tsuguna mu gani."

Na tsuguna da ƙarfin hali. Gwiwar ta yi ƙara kamar ana niƙan tsaki, tashi kuma ya gagara. Daga nan ƙasa na saurari bayani. Ya ce guringuntsin da ke bayan ƙoƙon ya cinye sosai. Miƙar da ƙafa zai rage ciwon gefe, in yi tafiya har gona, amma ba zai mayar da abin da ya cinye ba.

Na ce, "Sujada fa, likita?"

"Ba zan yi maka alkawari ba."

Kunyar ƙaryata ta tafi nan take, baƙin ciki ya maye gurbinta. Duk da haka na karɓi ranar aiki, bayan girbi.

Komowa

A dawowa ni da bakina na nemi kujerar gaba. Ƙarfe huɗu na shiga gida. Maiɗakina Hajara ta kawo ruwa ta ce, "Malam, an dace?"

"Ƙafa za ta miƙe."

Ta jira sauran maganar, ni kuwa na hau shan ruwa. Ta shiga ɗaki ta fito da darduma, ta tsaya tana dubana.

Na ce, "Shimfiɗa, ki kawo kujerar ma."

Na gode wa direba, na gode wa likitan da bai yi min dariya ba. Allah kuwa na gode masa da La'asar, a zaune.