Bawul ɗin da na ɗauko a Maruta

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni aka yi, kuma wallahi da kunnuwan nan nawa na ji abin da zan gaya muku. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagon gyaran rediyo da talabijin a Birnin Kudu, wayar hannu ta fara shigowa amma kaset bai mutu ba tukuna, mutum zai kawo maka rikoda ka gyara masa ya tafi yana shi maka albarka kamar ka warkar masa da ɗa.

A cikin masu kawo mini aiki akwai wani dattijo, Alhaji Isiyaku, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, asalinsa mutumin Maruta ne ta ƙasar Gwaram amma aiki ya zaunar da shi a Birnin Kudu. Yana da wata amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da ya taho da ita daga Ingila tun sanda aka tura shi kwas yana saurayi, irin ta da ce mai bawul. Ga yaran yanzu da ba su san bawul ba, wasu 'yan kwalabe ne kamar ƙwan fitila da ake dasawa a saman amfilifayar, in ka kunna sai su yi ja a hankali kamar garwashi, sai sun ɗau zafi sannan sauti ya fito. Kai, abin nan yana da nauyi kamar dutsen niƙa, amma muryar da yake fitarwa ban sake jin irinta ba har yau.

To shi Alhaji ba shi da wani abin sha'awa a duniya da ya wuce canza bawul. Yana da su cike da wani gwangwanin biskit, kowanne a naɗe da tsumma, na Ingila, na Jamus, na Rasha, har da sababbi na China da nake sa a taho masa da su daga Kano. In na rufe shago bayan azahar sai in wuce gidansa, mu zauna a falo a kan darduma, a kawo mana fura, ni in cire wannan in dasa wancan, shi kuma ya rufe ido ya karkata kai. Sai ya ce na Rasha suna da ƙarfi amma muryarsu da kaushi, na Jamus sun cika tsabta kamar asibiti, na China kuwa hayaniya ce kawai, na Ingila su ne suke sa murya ta yi laushi kamar an shafa mata man shanu. Da farko ina ɗauka tsufa ne kawai, amma da na daɗe ina zama da shi sai na fara jin bambancin ni ma, har mukan yi gardama. Allah sarki, zama mai daɗi.

Kuma kullum kaset ɗaya muke gwaji da shi, a rikodar da muke jonawa da amfilifayar. Kaset ne na mahaifinsa, wanda malami ne mai ba da karatu a Maruta, Alhaji da kansa ya ɗauki muryarsa a zaure yana fassara wa ɗalibai littafi, bai fi shekara ba kafin ya rasu. Muryarsa ke nan kaɗai da ta rage a duniya. Kaset ɗin yana ƙarewa ne a tsakiyar magana, Malam yana cewa, "Shi mutum in ya yi wa ɗan'uwansa alheri, to kada ya tsaya..." sai zare ya ƙare, rikoda ta yi ƙas. Na ji wurin nan har na haddace shi.

Sai daga baya Alhaji ya gaya mini dalilin duk wannan canje-canjen. Kunnensa na hagu ya riga ya tafi, likita kuma ya ce na dama ma yana bin sahu. Ya ce muryar da ke cikin kaset ɗin ta yi kusa da ta mahaifinsa amma ba ita ba ce cif, akwai wani ɗan kauri a ƙasan maƙogwaro da yake tunawa, shi yake nema ya ji ko sau ɗaya kafin kunnen ya rufe. Tun daga ranar na daina ɗaukar abin wasa.

Ana nan cikin damina sai ɗan baffansa, Malam Habu, ya aiko daga Maruta cewa ruwa ya rushe wani tsohon ɗaki a gidan gado, suna kwashe kaya suka tarar da amfilifayar da marigayi Malam yake karatun azumi da ita a masallaci. Alhaji ƙafa ta hana shi hawa babur, don haka ni na tafi. Har yanzu ina tuna hanyar nan, dawa da gero sun rufe ko'ina, duwatsu sun yi baƙi saboda ruwa, mata suna ta cirar rama a bakin gonaki. Malam Habu ya karɓe ni hannu bibbiyu, sai da na ci dambu sannan ya yarda ya nuna mini abin. Amfilifayar kam ta gama yawo, tsatsa ta cinye ta, ɓeraye sun yi gida a ciki, amma bawul biyu suna nan tsaye ba su fashe ba, kuma da na goge su na ga lambarsu ɗaya da waɗanda ta Alhaji take ɗauka. Na naɗe su a hulata na juyo.

Washegari bayan azahar na je. Rana tana nan fes, Hajiya matar Alhaji ma ta baza shanyar barkono a tsakar gida. Da ma ƙa'ida in auna bawul kafin in dasa, amma Alhaji ya ƙagu, sai na yi bisimilla na cire na Ingilan na dasa waɗannan. Muka zuba musu ido, suka yi ja a hankali su biyun, na danna kaset.

Wallahi jama'a tun kalmar farko na san wani abu ya canza. Ba kamar sifika ke magana ba, kamar mutum ne zaune a kan buzu a gabanmu, kana jin numfashinsa, kana jin sanda yake juya takarda. Na dubi Alhaji, hawaye na bin gemunsa, ya ɗaga mini hannu alamar kada in ce komai. Haka muka zauna har kaset ya zo wurin da muka sani, Malam ya ce, "to kada ya tsaya," rikoda ta yi ƙas, madannin ya ɗago da kansa, a kan idona.

Amma muryar ba ta tsaya ba.

"...kada ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran godiya. Ya wuce abinsa, Wanda ya yi dominSa ya gani."

Na kalli kaset ɗin ta gilashin rikoda, ko motsi ba ya yi. Sai muka ji an rufe littafi, aka yi gyaran murya, sannan a hankali, irin yadda uba yake yi wa ɗansa magana ba tare da ya ɗago kai ba, aka ce, "Isiyaku, a kwashe shanyar nan, hadari ya taso."

Alhaji ya amsa, "To, Baba." Haka kawai, kamar jiya suka rabu.

Daga nan sifika ta yi shiru, jan bawul ɗin ya dushe. Sai da na ji iska ta bugo labule sannan na leƙa, gabas ta yi baƙi ƙirin, Hajiya ta fito da gudu tana tattara barkono. Kafin ta gama ruwa ya sauko.

Ruwa na ta dukan kwano. Ni dai ina ta neman dalili a raina, don na san amfilifaya mai bawul takan kamo tashar rediyo wani lokaci, tsohon bawul kuma yakan ɗauki motsin ɗaki. Na ce da Alhaji wataƙila ragowar maganar tana can a ƙarshen zaren, yau ne kawai ta fito, wataƙila ranar da ya ɗauka ma hadari ne ya taso. Sai ya girgiza kai ya ce, "Injiniya, ranar da na ɗauki kaset ɗin nan tsakiyar rani ne. Rijiyar gidanmu ma ta ƙafe."

Na so mu sake gwadawa, ya ce a'a, abin da ya nema ya samu, in cire su in mayar da na da. Ya bar mini su na tafi da su shago. Da safe na sa mita na auna, ɗaya lafiyarsa ƙalau, ɗayan kuwa siririyar wayar cikinsa da take ɗaukar zafi a tsinke take, kuma bakin tsinkewar ya yi baƙi, ba ta jiya ba ce. Duk mai wannan sana'ar ya san bawul irin wannan ba ya ja, ba ya fitar da ko tari. Ni kuma na ga ya yi ja, Alhaji ma ya gani.

Kafin wata daminar kunnen Alhaji ya rufe gaba ɗaya. Na ci gaba da zuwa duk da haka, in kunna masa amfilifayar ya ɗora tafin hannu a kan sifika yana murmushi, har Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa da shi da mahaifinsa. Na tambayi malamai biyu a kan abin, ɗaya ya ce aljanu suna kwaikwayon murya, ɗayan ya ce in bar wa Allah saninSa, kuma a nan na tsaya.

Shawarata gare ku, in kuna da tsoho a gida ku zauna ku saurare shi tun yana iya magana kuna iya ji, ku ɗauki muryarsa a wayoyin nan naku. In kuma kayan mamaci suka zo hannunku, ku yi masa addu'a kafin ku jona su da wuta. Ni dai tun daga ranar, ko rediyon wa nake gyarawa, in na kashe ba na tsayawa kusa da sifika.